Ƙofa Ba Sakata

Litinin, 3 ga Maris

Sun cire sakatar ƙofar ɗakina. Baba da kansa, bai ko kalle ni ba. Wai ta lalace. Shekarata sha shida fa.

Duk Yaya ne ya jawo. Jiya ya ga na ba Auta agogona da takalmana masu kyau. Ya same ni a baranda, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Ƙanwata, ba zan yi kwana-kwana ba. Kina tunanin kashe kanki?" Na so in ce a'a. Bakin nan nawa da ke maƙalewa a kowace kalma, sai ga "eh" ta fito sumul. Munafukin baki.

Laraba, 5 ga Maris

Makarantar nan ba zan koma ba. Tun ranar da in'ina ta kama ni a gaban aji, wata ta ɗauka a waya, suka sa wa bidiyon kiɗa, har 'yan ƙananan aji Janareto suke kirana. Su ci kansu.

Juma'a, 7 ga Maris

Goggo ta zo, ta cika falo da murya. "Rashin godiyar Allah ne. Me ta rasa? Ku rufa wa kanku asiri, kada maganar ta fita." Mama, da ban taɓa jin ta mayar wa Goggo magana ba, ta ce, "Goggo, da zazzaɓi ne asibiti za mu. Wannan ma asibiti za mu, da addu'armu."

Ni dai ba wanda ya tambaye ni ko zan je.

Talata, 11 ga Maris

Ofishin likita: kujeru biyu, kwalin tishu, fulawar roba mai ƙura. Na shiga da niyyar yin gum, likitar ta ƙyale ni. Da na gaji na fara magana, na maƙale a kan "makaranta", sai ta jira. Ba ta ƙarasa min ba, ba ta kalli silin ba. Haushi ya kama ni, don na shirya tsanarta.

Wai tunanin yana tasowa yana kuma sauka, in ya taso kada in zauna ni kaɗai, in faɗa wa mutum ɗaya. Na ce mata faɗa da baki ai ba wuya. Ta ce, "A wajenki da wuya, na sani."

Alhamis, 13 ga Maris

Auta a ɗakina take kwana yanzu, wai fankarsu ta lalace. Komai na gidan nan ya lalace lokaci guda.

Talata, 18 ga Maris

Baba ya je makaranta ya tayar musu da hankali, an sa yarinyar ta goge bidiyon. Kamar hakan zai goge shi a kawunan mutane. A mota, hanyar asibiti, ya rage rediyo ya ce, "Uwata, ni ban iya irin maganar nan ba. Amma ina nan." Na juya ina kallon masu faci a bakin titi. Ba zai ga hawayena ba.

Asabar, 29 ga Maris

Da la'asar abin ya dawo, ya danne min ƙirji kamar da. Ban san yadda aka yi ba, na ga kaina a ƙofar kicin. Mama tana yanka albasa. Na daɗe kafin kalmar ta fito. "Ya da-dawo." Ta kashe risho, ta goge hannu a zani, ta zauna a ƙasa ta jawo ni. Ba wa'azi, ba tambaya. Muna nan har abin ya sassauta, abinci ya yi latti, Auta tana ta mita.

Ba wai na bi maganar likita ba ne. Ɗakin ne ya yi zafi.

Ranar Talata ba zan gaya wa likitar ba. Ko dai in gaya mata, don kawai in ga fuskarta.