Ya Mahamat ya hau da yarana

Daren Talata, Gassi

Barci ya ƙi zuwa. Kaka huɗu ina rainon yaran nan a wasan ƙwallon da ke cikin ordinatata, wato kwamfuta, ƙungiyar rukuni na uku da ba ta iya sayen kowa. Bulama, ɗan wasan gabana, tun yana ɗan shekara sha biyar na ɗauko shi, ƙafar hagunsa kamar ta aro.

Yau babu wuta, sai na bar ordinatar tana caji a gidan Ya Mahamat, tunda shi yana da sola. Ina dawowa daga kasuwa ya tare ni da dariya: "Ƙanena, na buga maka wasan ƙarshen. Kun hau rukuni na biyu! Dogon nan Bulama da kake sawa gaba, baya na mai da shi."

Mutumin da ko sunan golana bai sani ba! Na ce na gode.

Bayan isha na buɗe ajiyar wasan ta jiya, na maido Bulama gaba, na buga wasan da kaina. An ci mu biyu da nema.

Na goge tawa, na bar tasa. Gobe zai tambayi yaran, kuma dole in sake cewa na gode.