Takalmin Ƙarfen Bilki Ya Iso

Makarfi,
14 ga Nuwamba, 1965.

Zuwa ga ƙanena Uwaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Ingila, Allah ya sa sanyin ƙasar bai matsa maka ba. Mu nan lafiya lau, ina kan aikina na malamin gona. An gama cirar gyaɗa a gida Saulawa, dawa ma ta yi kyau bana. Baba yana fama da gwiwa amma yana fita masallaci, Iya kuma tarin nan ya sake ta.

Takalmin ƙarfen da ka haɗa wa 'yata Bilki ya iso. Sai dai awon ƙafar da na aika maka na watan azumi ne, kuma tsakanin aikinka da tafiyar jirgin ruwa yarinya ta ƙara tsawo, har ƙafar da shan inna ya taɓa ɗin ma ta ƙaru. Da muka gwada, mahaɗin ƙarfen ya tsaya ƙasa da gwiwarta. Uwarta Rahmatu ta shafa mata man gyaɗa ta yi ta turawa har fatar takalmin ta kuje mata dunduniya. Bilki ba ta yi kuka ba, ta dai tambaye ni ko ƙafarta ce ta yi laifi. Na kai su asibiti a Zariya, likita ya yaba aikin, amma ya ce ba ya ƙaruwa, tunda an yanke ƙarfen daidai awo. Muka dawo, ta koma jan jikinta kamar da, takalmin kuma aka rataye shi a ɗaki.

Akwai wata Bafulatana, Zulaihatu, da ke kawo mana nono daga wata ruga ta wajen Kudan. 'Yarta Ummuhani ba ta kai Bilki ba, ita ma ƙafar hagu ciwon ya ɗauke. Ran nan ta zo goye da ita, Rahmatu ta dube su, ta shiga ɗaki ta sauko da takalmin ba tare da ta shawarce ni ba. Ya zauna wa Ummuhani daidai, likita ma ya duba ya amince. Da farko da bango take tsayawa. Ran kasuwar da ta wuce ta tako daga zaure har bakin rijiya, Bilki na kan tabarma tana gaya mata yadda ake ɗaure maɗaurin. Rahmatu ta shige madafa, ta daɗe ba ta fito ba.

Sai maganar ƙarin shekara biyu da ka roƙa don babban digiri kan ƙera kayan asibiti na yara. Ka san Baba ya ƙi tun farko, ya ce injiniya gada yake ginawa, ƙasa kuma ta samu 'yanci tana jiran irinku. Da na je Saulawa na ba shi labarin nan duka, sai ya tambaya me zai faru in Ummuhani ita ma ta girma. Na ce abin da ya faru da Bilki. Sai ya ce, "Ashe bai gama karatun ba. Ya zauna." Saboda haka ka amsa wa malamanka. Rahmatu ta ce in gaya maka, tunda za ka zauna, ka koyo yadda ake yin wanda zai riƙa girma tare da yaro.

Ga sabon awo nan na zare a cikin ambulan, ƙulli ɗaya a gwiwa, ɗaya a idon sawu. Ban ƙara kome a kai ba, kai ka san abin da ya kamata a ƙara. Bilki ta ce tana son jar fata wannan karon.

Baba da Iya suna sa maka albarka. Gwaggo Indo, Kawu Maiwada da Lado suna gaishe ka, Zulaihatu ma ta ce a yi maka godiya. Allah ya ba da sa'a, ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ne yayanka,
Inuwa.