Yinin Innarki a Faifai Guda

Tanout, farkon kaka

Zuwa ga 'yata Radiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Habibu da yara duka. Yaya zafin Damagaram? Mu nan lafiya, gwargwadon yadda ake samun ta a shekarunmu.

Sahabi direba ya kawo saƙonki, rediyon mai cin faifai da maganin innarki. Allah Ya yi miki albarka. Na zaɓi in amsa a takarda domin waya ba ta barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Ke ki yi kuka, ni in yi shiru, layi ya yanke.

Kin ce idan an gama girbi za ki zo ki tafi da innarki Damagaram, tunda ta fara fita ba a sani ba. Ban yarda ba. A gidan nan ta tsufa, ƙafarta ta san inda randa take ko da kanta ya manta. Ki ba ni zuwa ƙarshen kaka ki gani.

Ga abin da na lura da shi. Muddin akwai waƙa a tsakar gida, tana zaune a tabarmarta. Da zarar an yi shiru sai ta miƙe ta yafa gyale, wai za ta garinsu Gangara, uwarta na jiran ta da daka. Uwar da muka binne kina goye. Tsoffin kaset ɗina suna riƙe ta, amma kafin in je bayan gida in dawo gefe ya ƙare. Faifan da kika haɗo da rediyon kuma awa guda da 'yan kai yake yi, sannan waƙoƙin yaran yanzu ne, kallon su kawai take.

A jikin rediyon an rubuta MP3. Na karanta 'yar takardar da ke cikin kwalin, Faransancin da aka doke mu muka koya ya yi rana sau ɗaya. Ashe ana matse waƙa ne, a zubar da abin da aka ce kunne ba ya ji, ta ƙanƙance, har faifai guda ya ɗauki abin da zai kai mutum daga safe zuwa magariba. Wannan nake so in yi.

Ina da ordinater, wato kwamfuta, da Abdulgafar, tsohon ɗalibina na lakwal ɗin Belbeji, ya ba ni lokacin da ofishinsu ya samu sababbi. Ladan alli ke nan na shekaru talatin. Faifai marar komai ne ya yi wuya. Na je wurin Falalu, mai ɗora wa samari waƙa a waya a bakin kasuwa, ya yi dariya har da riƙe ciki, wai Mushe, kamar yadda suke kiran malaman lakwal, faifai ai ya bi kaset lahira. Ya ce in kawo katin waya ya cika mini. Rediyon ba ya cin kati, kuma abin da innarki ke ji ba ya cikin na'urarsa. Daga baya ya tono wasu fayafayai a ƙarƙashin teburinsa ya ba ni, ya ƙi karɓar komai. Ina jin tausayi na ba shi.

Ki gaida maigidanki. Ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki,
Sabi'u Audi

Tanout, tsakiyar kaka

'Yata Radiya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zazzaɓin ƙaramar ya sauka. Gero ya fara shigowa gari, ana cewa bana ƙasarmu ta Damargu ba laifi.

Aikin ya yi. Na haɗa tsohon rediyon kaset da ordinater da igiya. Ba a gaggauta shi, sai kaset ya juya daga farko har ƙarshe, ni ina zaune ina kallon layi yana rawa a gilashi. Yawancinsu ni na ɗauke su da hannuna ina sabon malami: bukukuwan Gangara, waƙoƙin daka, da zabiya Indo, wadda ta yi waƙa a bikinmu. Duk wanda ke magana a cikinsu ya mutu, in ban da mu biyu.

Da farko na yi haɗama. Na matse su sosai don kome ya shiga, sai kalangu ya koma kamar ana buga shi a cikin rijiya. Ni na ce ba komai. Innarki ta saurara kaɗan ta ce waɗannan ba makaɗan garinsu ba ne, ta fara neman gyale. Matar da ba ta san ko ta ci abinci ba, ta san an rage wa ganga nama. Faifan kuma sau ɗaya ake rubuta shi, idan ya ɓaci ya ɓaci. Na rataye shi a gonar bayan gida yana korar tsuntsaye.

Na sake, na sassauta matsin. Waƙoƙin suka ragu, sai na maimaita wasu. Ba ta sani. Waƙar Indo takan zo sau da yawa a yini, kowane zuwa sai ta ɗaga kai kamar ta ga baƙon da ta daɗe ba ta gani ba. Na yi rayuwata ina faɗa da malamai kan su daina sa yara maimaita abu kamar aku, ga shi da maimaici nake riƙe da gidana.

Na jera yinin haka. Da safe karatun Alƙur'ani, sai waƙoƙin daka da hantsi, lokacin nakan ba ta fura, tana sha idan ana luguden nan. Da rana masu sanyi, ko ta yi barci. Da yamma na biki. Rediyon na bin su bisa lambar da na sa wa kowace, kuma na haɗa shi da batirin sola don kada ɗaukewar wuta ta cuce mu. Ina danna maɓalli da agogo a hannu, domin lokacin azahar da la'asar na saka shiru. Shirun ma ɗora shi ake kamar waƙa. Ba na son kalangu ya hau kan kiran salla. Lasifikar masallacin Malam Ila da ke bayan gidanmu ita ke cike wurin, tana jin kira sai ta nemi buta, kafin ta sallame waƙa ta dawo.

Tun da na fara, ba ta taɓa ƙofa ba. Ta ƙara kumari. Shekaranjiya har ta bi Indo da baki, ba ta ɓata kalma ɗaya ba.

Kin tambaya ko tana gane ni. A'a. Tana ce mini Mushe, tana rufe kai idan na shigo. Jiya ta tambaye ni cikin ladabi ko ina da iyali. Na ce ina da. Ta ce Allah Ya bar mu tare. Na ce amin, na ɗauki kwano na je na wanke. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Kada ki damu da wannan, haka ya fi sauƙin aiki.

Kin ga dai ba sai kin zo da mota ba.

Mahaifinki,
Sabi'u Audi

Tanout, Asabar

Radiya,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Na san Zainabu maƙwabciyarmu ta riga ta kira ki, amma gara ki ji daga gare ni yadda abin ya faru. Innarki tana raye, tana gida.

Na daɗe ban je Juma'a ba saboda ita, har Malam Ila ya aiko a tambaya ko ƙafa ce. Jiya na ce faifai ya nuna amana, bari in je. Na roƙi Zainabu ta sa kunne ta katanga. Na bar innarki tana gyangyaɗi, waƙa na tafiya.

Ranar Juma'a ba a kiran azahar a masallacin unguwa, kowa yana babban masallaci. Yaron goye ma ya san haka. Sauran Juma'o'in ina zaune kusa da ita, idan shirun ya zo nakan ba ta buta da hannuna, ban taɓa kawo komai a raina ba. Jiya shirun ya zo, ba ladan, ba ni. Zainabu ta ji waƙa ta tsaya, ta ce shirun kullum ne, ta ci gaba da tankaɗe. Ba laifinta ba ne. Ni na saka shirun nan da hannuna, na auna shi da agogo, na yi alfahari da shi a takarda.

Na dawo na tarar ƙofa a buɗe, rediyo yana ta yi wa tabarma waƙar biki. Takalmanta na nan.

Samarin unguwa sun bazu da babura. Ni na tsaya a ƙofar gida, domin an ce in tsaya ko za ta dawo. Sai bayan la'asar wani makiyayi mai suna Dado ya kawo ta a kan jakinsa. Ya gan ta can bayan gari tana keta saura, ta ce masa Gangara za ta. Hanyar kuma daidai ta ɗauka, ba ta kauce ba. Rairayi ya ƙone mata tafin ƙafa, ƙarangiya ta cika zanenta har gwiwa, leɓenta ya tsage. A likita sun wanke ƙafar sun naɗe, sun ƙara mata ruwa. Sun ce da ta ƙara awa guda a ranar nan da wani zancen ake.

Da muka dawo na zauna ina cire ƙarangiya daga zanen ɗaya bayan ɗaya. Ta dube ni ta ce in yi haƙuri, ta sa baƙo aiki.

Na tsufa, Radiya. Abin da na manta jiya ƙarami ne, gobe zan manta wani. Ki zo ki tafi da ita. Ki bari ƙafar ta ɗan warke, kuma ina da aikin da zan ƙarasa.

Mahaifinki,
Sabi'u Audi

Tanout, ƙarshen kaka

'Yata Radiya,

Gaisuwa da fatan kun isa lafiya. Na sa takardar nan cikin kwalin rediyo don ki karanta a Damagaram, domin na san idan kin zo ba za mu iya magana ba.

Faifai biyu ne, iri ɗaya. Su suka rage mini, kuma Falalu ya ce ko a Damagaram sai an sha wuya. Ki ɓoye ɗaya cikin tufafi, inda rana ba ta kai. A kama shi ta gefe, kada yara su yi madubi da shi. Ki kunna ƙarfe bakwai na safe. Akwai maɓallin da ke hargitsa waƙoƙi ya kawo ta yamma da safe, na liƙe shi da salatif, kada a ɓare.

Babu shiru a cikin waɗannan. Ban san ladanin unguwarku ba, ban san lokacinsa ba. Na rasa abin da zan sa a wurin wanda ba kiɗa ba, sai na sa bakina kusa da ordinater na yi magana. Na kira ta da Ladi, sunan da mutanen Gangara ke kiran ta, wanda rabon da in faɗe shi tun kafin a haife ki. Na ce ta zauna, rana ta yi zafi, gobe ma je. Na ce ta yi alwala lokaci ya yi. Sauran surutu ne don cike wuri: akuyar da ta haihu, rufin ɗakin da ke yoyo, wanda ya zo da wanda ya tafi a Belbeji shekarun da muka yi can. Idan kin ji ina maimaita kaina, kada ki ce na ruɗe. Da gangan ne.

Na gwada shi ranar Laraba. Ina zaune gefen tabarmar. Waƙa ta tsaya, ta kai hannu ga gyale, sai muryar ta fito. Ta saki gyalen. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta matsa kusa da rediyon. Sannan ta juyo ta ce mini, ƙasa-ƙasa, in yi shiru Malam yana magana. Ta ce maigidanta ke nan, direktan lakwal ne, duk Belbeji ba mai iliminsa. Da muryar ta ce ta yi alwala, ta ce to Malam, ta ɗauki buta. Haka ta yi jiya, haka ta yi yau.

Na san za ki ce ko zan sake roƙon a bar mini ita tunda wannan ya yi. Ba zan roƙa ba. Faifai yakan karce, batiri yakan mutu, ni kuma kin ga abin da na iya. A wurinki akwai idanu da yawa.

Kada ki sa ta gaishe ni a waya, kada ki ce mata an baro ni a Tanout. A saninta ba a baro kowa ba. Mijinta yana cikin kwalin nan, ku tafi da shi, zai yi mata magana azahar da la'asar. Wanda zai tsaya a ƙofa yana ɗaga muku hannu, idan ta tambaya, ki ce Mushe ne mai kunna rediyo, aikinsa ya ƙare.

Furarta kada a cika tsami. Allah Ya ba ki ladan ɗawainiya, Ya sa naki su yi miki.

Mahaifinki,
Sabi'u Audi