Kajin Mero

Sabo, Ibadan.

Zuwa ga maiɗakina Mero,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da autarmu Mahbuba da jaririnta da mijinta Zainulabidin. Ni ma lafiya lau, sai dai ruwan sama da ya hana mu sakat.

Na ba Rilwanu direban motar goro wannan takarda ya kawo miki Kano, domin na gaji da waya. Duk na kira sai 'yarki ta ƙure murya, gida duka yana jin abin da zan faɗa. Kin ce wankan jego za ki yi mata ki dawo. An yi arba'in, an wuce, kuma jiya na ji tana cewa wai ki zauna kawai, me ya rage miki a Ibadan. To, kajinki sun rage, kuma sun hana ni zama.

Ni da na yi shekaru ina rarrabe farin goro da ja ido rufe, yau ga ni da kwanon dusa ina bin kaza a lungu. Zakaranki ya raina ni. Kullum sai ya tsallake katanga ya shiga shanyar barkonon maƙwabciyarmu Iya Muhibbat, ta fito tana zuba mini Yarabanci, ni kuwa ina ta ba da haƙuri kamar ni na ci.

Akwai kuma wata ɓarna. Kin san jar kazar nan da kika bari tana kwanci. Na ga wasu ƙwai a ƙarƙashinta da zanen gawayi, na ce Allah sarki, Mero ta ware mini nawa. Na kwashe su na kai wa mai shayi ya soya mini. Abin da ya faɗo a kaskon ba zan rubuta shi ba, mutumin dai har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau. Iya Muhibbat ce ta bayyana mini cewa masu zanen su ne na ƙyanƙyasa, marasa zanen su ne sababbin da sauran kaji suke sakawa, su ake ɗauka. Ina zan sani? Ai da sai ki faɗa.

Ki dawo ki karɓi kayanki tun ban ƙarasa su ba. Ki shafa mini kan jariri.

Mijinki,
Gwadabe.

Sabo, Ibadan.

Mero,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan ƙafar nan taki ta daina kumburi. A gaida mai jego.

Rilwanu ya dawo hannu rabbana, wai kin yi dariya har da hawaye, amsar ke nan. Madalla. Ni nan ba dariya nake yi ba.

Jar kazar ta ƙi tashi daga wurin. Ba ƙwai, ba komai, amma tana nan kwance a kan tsumma, ta baje fukafukai, in na matso ta sare ni. Ba ta ci sai na tura mata kwano har baki. Jiya na tsaya ina kallonta, sai na ji haushin kaina, domin ni ma haka nake yini. Na je rumfar goro na kasa zama, na dawo gida na kasa zama, na sake fita har kasuwar Shasha wai sayen dusa, alhali akwai rabin buhu a ɗaki. Abokan ciniki sun fara tambaya ko lafiya.

Shirwa ta ɗauke ɗan tsako ɗaya daga na baƙar kazar. A gabana aka yi, na jefa takalmi ya faɗa kwata. Ruwa kuma ya shiga akurki, na sa leda da duwatsu, iska ta yaye. Ban san yadda kike yi ba, ke da ko gudu ban taɓa gani kin yi ba.

Mahbuba ta kira ni, ta ce in sayar da rumfa in taho ni ma. Ki gaya mata nan aka binne iyayena, nan na kawo ki kina amarya, kuma tsoho ba ya koyon sabon gari. Tana da uwar miji a ƙofa, tana da 'yan'uwa. Kajin nan ba su da kowa.

Ki aiko da ranar da zan tare ki a tasha.

Naki,
Gwadabe.

Sabo, Ibadan.

Zuwa ga Mero,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gidan. Allah ya raya jariri.

Saƙonki ya iso. Kin ce tunda kajin sun dame ni in yanka su in ci, in huta. Na sa Rilwanu ya maimaita, ko ya yi kuskure, ya ce haka kika faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san macen da take shirin dawowa ba ta cewa a yanka mata kaza mai ƙwai.

Na yi abin da kika ce. Sabo da kaza ba ya hana yanka, amma da na ɗaga jar, ba nauyi a jikinta sai gashi. Baƙar da 'yan tsakinta na miƙa wa Iya Muhibbat, ta karɓa. Ita ce ta taya ni figa, ta soya sauran ƙarau yadda za su jure tafiya, na barbaɗe su da yajinki. Ga su nan a cikin kwano, ki ba mai jego. Na ɗauki cinya ɗaya na zauna a tsakar gida, sai na tashi na mayar da ita cikin kwanon ban ci ba.

Gidan ya yi tsit. Na share kashin kaji, na kife akurki, na zauna ban da aikin yi. Da ma ba aikinsu ne ya hana ni zama ba, kin sani, na sani. Nauyin baki ne ya sa nake ta aiko miki da labarin zakara.

Yanzu babu kaza ko ɗaya da take jiranki a Sabo, Mero. Ni ne nake jira, kuma kewarki ta ishe ni. In za ki dawo, ki dawo saboda ni. In kuma ba za ki dawo ba, kada ki ba Rilwanu saƙo, ki karɓi wayar daga hannun 'yarki ki faɗa mini da bakinki.

Ina gaishe ki, ina yi miki addu'a.

Mijinki,
Gwadabe.