Irin Dawa a Gidajen Ƙanne

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da mutanen Mabai? Ni lafiya lau nake a Doha, in ban da kewa.

Shekaranjiya faifan ajiya ɗaya ya mutu a kwamfutar asibitinmu da nake kula da ita, mai riƙe da bayanan marasa lafiya. Amma tun farko an raba bayanan a faifai da yawa. Da na sa sabo, sauran suka mayar masa da komai.

Sai na tuno yadda kake raba irin dawa a gidajen ƙannenka. Shekarar da rumbunmu ya ƙone, ba mu roƙi kowa iri ba. Allah ya ja kwana, Baba.

Ni ma iri ce da ka ajiye nesa. Ban lalace ba.

Ɗiyarka,
Rifkatu