Na goge koken masu buga wasanmu, na ɗora laifin a kan zanen ɗan'uwana

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Na san zan sha zagi, amma ku daure ku kai ƙarshe tukuna, domin ni ma na gama zagin kaina.

Ni ɗan Daura ne. Ni da ɗan kawuna, wanda zan kira Yaya Sabi'u a nan, muka haɗa wani wasan waya na fatauci. Mutum zai fara da jaki ɗaya da buhun gero, ya saya a Baure ya kai wata kasuwa, yana gano sabbin hanyoyi da ƙauyuka har ya zama babban falke. Yaya ne ya iya kwamfuta, shi ke zane, shi ke haɗa komai. Ni kuma da na tashi a rumfar hatsin mahaifina, Allah ya jiƙansa, aka bar mini tsara farashi da wahalhalun hanya. Tun ba mu gama ba muka sake shi, don mutane su buga su gaya mana inda za a gyara. Muka buɗe guruf a waya na masu buga wasan, Yaya ya ce, "Kai za ka riƙe shi, ni surutu hana ni aiki yake. Abin da suka ce ka kawo min." Ko shiga bai yi ba, saboda ya yarda da ni.

Gaskiya na tsananta wasan. Jaki ya gaji a hanya, ƙwari su shiga hatsi, ka isa kasuwa ka tarar farashi ya karye. Haka na ga Baba ya sha, na ce ai haka fatauci yake. Satin farko koke ya fara shigowa. Wannan ya ce sau tara yana karyewa kafin ya kai kasuwa ta biyu, wancan ya ce shi hutawa ya zo yi ba hawan jini ba. Sai wani tela, wanda ya fi kowa buga wasan, ya rubuta, "Wanda ya tsara wannan farashin bai taɓa zama a kasuwa ba." Ni? Ni da na yi shekara goma ina auna tiya? Raina ya ɓaci, na goge saƙon, na cire shi daga guruf. Daga ranar duk wanda ya ce wasan ya yi wuya sai in goge, in ya maimaita in fitar da shi.

Mutane suka fara guduwa, kuma Yaya yana ganin haka a kwamfutarsa. Wata rana bayan la'asar muna zaune a zauren gidansu ya ce, "Wai me suke cewa ne? Suna shiga kwana biyu su tafi." Wallahi na buɗe baki da niyyar faɗin gaskiya, sai na ji kaina ina cewa, "Yaya, zanen ne suke cewa bai burge su ba." Sai ya ce, "Dama na zargi haka. Ban iya zanen jaki ba." Har dariya ya yi. Wane irin mutum ne zai ji wannan ya yi shiru? Ni na yi.

Wata biyu ya yi yana sake zane. Kowace rumfa, kowace bishiya, har tsohuwa mai fura a bakin kasuwa. Ya ajiye aikin gyaran kwamfuta da yake ci da iyalinsa. Idonsa ya fara ruwa har aka ba shi tabarau a Katsina. Duk zanen da ya gama sai ya turo min ya ce, "Wannan fa, zai yi musu?" In ce ya yi kyau. Matarsa ta taɓa tare ni a ƙofar gida ta ce, "Don Allah ka riƙa kwantar masa da hankali, kai kaɗai yake jin maganarka." Ban iya kallonta ba. Na so in sassauta wasan a ɓoye, amma duk canji ta hannunsa yake bi, zai tambaye ni dalili, me zan ce masa?

Muka saki sabon zanen, babu wanda ya dawo. Jiya ya kira ni ya ce ya yanke shawarar rufe wasan, wai ya gane ba shi da baiwar. Amma kafin nan yana so ya ga masu bugawa da idonsa, ya ba su haƙuri. Ya sa wani abokinsa ya nemo waɗanda suke cikin gari, za su haɗu ranar Asabar a zauren, kuma telan nan shi ya fara cewa zai zo. Ya ce min, "Kai za ka zauna kusa da ni, ai kai suka sani."

Anti, na kasa cin abinci. In na faɗa masa yanzu, wasan zai iya gyaruwa cikin sati ɗaya, na san duk inda matsalar take. Amma ta yaya zan dubi mutumin da ya rasa lafiyar idonsa a kan ƙaryata? Uwarsa ce ta riƙe ni bayan rasuwar Baba. In na yi shiru kuma, a gaban mutane zai ji, daga bakin wani. Har tunanin shiga motar Kano na yi in kashe waya, sai na tuna shi kaɗai zan bari a zauren yana ba da haƙuri kan laifin da ba nasa ba.

Yau Alhamis. Don girman Allah ku gaya min, in same shi shi kaɗai ne, ko in fara zuwa wurin mahaifiyarsa? Me zan yi?