Shari'ar Ruwan Sama

Talata da dare, 18 ga Yuni 1974, wajen Dungas

Jiya Liman ya fitar da mu roƙon ruwa. Jiyan dai Kawu Barau, wanda bai taɓa sallah ba, ya yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya yadda kakanninsa ke yi. Aka kwana ana ruwa, bayan duk farin da muka sha.

Da sassafe sai ga su a ƙofar gidana. Liman ya ce, "Mai gari, ka hana shi cewa yankansa ne ya kawo." Kawu ya ce, "Ɗana, tambaye shi wa ya riga wani."

Har azahar ina sasanci, ƙasa tana shan iska. 'Ya'yansu kuwa tuni suka shuke gonakinsu, sungumi ɗaya ma suka yi ta karɓa-karɓa. Tawa gonar ce ko rami ba a sara ba.